Kwanan tanti a duwatsun Sikotland: jagora ga mai fita karon farko

Da zarar sanyi ya fara sauƙi a Birtaniya sai tambayoyi iri ɗaya su riƙa zuwa mini daga 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata: ta ina ake farawa, nawa ake kashewa, doka ta yarda mutum ya kafa tanti a daji, babu namun dawa? Ga amsar nan wuri guda, mataki bayan mataki, a kan Sikotland, don can ne doka ta fi sauƙi ga mai koyo.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga farko. A duwatsun nan babu kura, babu zaki, kyarkeci ma an daɗe da ƙarar da shi. Macijin da ke da dafi iri ɗaya ne tak, shi ma gudun mutum yake. Abin da ke kayar da mutane shi ne su jiƙe, iska ta bi ta kansu, dare ya same su ba su da busasshen kayan da za su sa. Duk shirin da za ka yi, a kan wannan zai ginu.

1. San inda doka ta ba ka

Dokar filaye ta Sikotland ta 2003 ta ba kowa damar ratsa yawancin filaye da kwana a tanti, ko baƙo ne ko ɗan ƙasa, muddin ya bi ƙa'ida. Ƙa'idar ita ce ku kasance 'yan kaɗan, kada ku wuce kwana biyu ko uku a wuri ɗaya, ku yi nesa da gidaje da tituna, kada ku kafa a gonar da ke da shuka ko makiyayar da aka killace da dabbobi a ciki, kuma ku kwashe duk abin da kuka zo da shi.

Hattara: a wasu gaɓoɓin tafkuna na gandun Loch Lomond da Trossachs, daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Satumba sai da izini. Ana yankar sa ta intanet a shafin gandun, fam kaɗan ne a kowane dare. A Ingila da Wales kuwa lamarin ya sha bamban. Ban da wasu sassa na Dartmoor, sai da yardar mai fili. Kada wanda ke zaune a Manchester ko Leeds ya ɗauka abin da ya halatta a Sikotland ya halatta a bayan garinsu.

2. Zaɓi wata, zaɓi wuri

Fitar farko a yi ta tsakanin Mayu da Satumba. Ni Mayu na fi so. Rana ta yi tsawo, kuma ƙananan ƙwarin nan masu cizo da ake kira midges ba su gama fitowa ba. Daga Yuni zuwa Agusta sukan taso kamar hayaƙi da asuba da magariba, musamman a yammacin ƙasar idan iska ta kwanta. Lokacin ƙanƙara kuwa wani fage ne daban, yana buƙatar gatarin ƙanƙara da horo irin wanda ake bayarwa a cibiyar koyar da hawan dutse ta Glenmore Lodge kusa da garin Aviemore. Kada ka fara da shi.

Wurin da nake nuna wa masu farawa shi ne Corrour. Jirgin ƙasa daga tashar Queen Street ta Glasgow yana kai ka cikin kimanin sa'a uku. Tashar tana kan tudun mita 408, ita ce mafi tudu a manyan layukan dogo na Birtaniya, kuma titin mota na jama'a bai iso ta ba. Daga nan tafiyar kusan rabin sa'a ce zuwa tafkin Loch Ossian, wanda hanya mai kyau ta kewaye shi. Ga ruwa, ga hanyar da ke da wuyar ɓata, ga jirgin komawa idan abu ya ƙi. Wanda ya ji ƙarfi washegari zai iya hawa dutsen Beinn na Lap, mai tsawon mita 935.

Hattara: jiragen da ke tsayawa a Corrour kaɗan ne a yini. Rubuta lokacin na ƙarshe a takarda, kada ka dogara da waya, don sabis yana wuya a can. Ɗalibi ya nemi katin ragi na jirgin ƙasa, yana rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti.

Daren farko kada ka kwana a ƙololuwar dutse. Kwana a kwari ko bakin tafki, kilomita biyar zuwa takwas daga tasha. Kuma ka tafi da abokin tafiya, in da hali wanda ya taɓa yi.

3. Tufafi

Nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure, don mun taso da auduga, mun san ta da sanyaya jiki. A kan dutse wannan sanyayawar ce illarta. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ta ƙi bushewa, da ka tsaya hutu sai ta riƙa zuƙe ɗumin jikinka. Saboda haka wandon jins, singiletin auduga, kaftani da safar auduga duk a bar su a gida.

Ana sa kaya ne hawa-hawa. Na jikin fata ya zama na ulu ko na roba irin na 'yan wasa. A kansa rigar sanyi mai laushi marar nauyi. A waje rigar ruwa mai hula da wandon ruwa, waɗanda aka like ɗinkinsu ta ciki. Sai wata rigar ɗumi mai kauri da za ta zauna a jaka, ba za a fito da ita ba sai an tsaya. Hular sanyi da safar hannu a tafi da su ko da a Yuli ne. 'Yar'uwa mai sa hijabi ta nemi ƙarami na roba irin na wasanni, ta sa hular sanyi a kai, da doguwar rigar ruwa. Babban mayafi yana kama iska yana shan ruwa.

Sannan ka ware kayan barci: riga, wando da safa busassu, a ƙulle a leda. Waɗannan ba a sa su a yi tafiya ko da na jikinka sun jiƙe sharkaf. Da safe ka mayar da jiƙaƙƙun jikinka, ka adana busassun. Babu daɗi, amma minti goma na tafiya za su ɗumama su.

Takalmi ya zama na hawan dutse mai taurin ƙasa. Hattara: kada ka sa sabon takalmi ranar tafiya. Yi mako biyu kana yawo da shi a gari, in ba haka ba bororo zai hana ka sakat tun kafin ka isa.

4. Kayan kwana da kuɗinsu

Farashi yana canzawa, amma ga kimanin abin da za ka tarar a shaguna irin su Decathlon da Go Outdoors. Tanti na mutum biyu mai rufi biyu, wanda nauyinsa bai wuce kilo biyu da rabi ba, daga fam 100 zuwa 150. Jakar barci daga fam 60 zuwa 100. Katifar shimfiɗa daga fam 20 zuwa 50. Jakar goyo mai cin lita 50 zuwa 65, mai ɗamarar ƙugu, daga fam 60 zuwa sama. Ƙaramin rishon gas da tukunya wajen fam 30, gwangwanin gas bai kai fam goma ba. Taswira da kamfas wajen fam 30 tare. Tocilan na goshi, usur, ragar rufe fuska saboda ƙwari, ƙugiyar cire kaska da 'yar jakar magani, ware musu fam 40. In ka haɗa da takalmi da rigar ruwa, sabon kaya duka zai iya kai fam 500 ko fiye.

Ba dole ne ka saye su lokaci ɗaya ba. Yawancin jami'o'i suna da ƙungiyar masu hawan dutse da ke ba mambobi aro, kuma gwanjo yana da kyau a shafukan intanet na eBay da Vinted. Mutum biyu su raba tanti ɗaya da risho ɗaya. Amma abu biyu ban yarda a yi musu rowa ba: rigar ruwa da jakar barci.

A jikin jakar barci za ka ga lambobin sanyi uku. Wanda aka rubuta comfort, wato sanyin da za ka iya barci cikinsa da daɗi, shi ne naka. Na ƙasan, mai nuna sanyi mai tsanani, yana nufin ƙila ka kai safiya da rai, ba wai za ka yi barci ba. Nemi wadda comfort ɗinta yake sifiri zuwa digiri biyu, kuma in ka san kai mai jin sanyi ne ka ƙara sauka. Katifa ma ba don laushi ake ɗauka ba. Ƙasa tana jan ɗumin jiki fiye da iska, don haka duba lambar R a jikinta, mai nuna yadda take tare sanyin ƙasa, ta kai uku ko kusa.

Hattara da tantin da ake sayarwa fam 25 don taron kaɗe-kaɗe, mai rufi ɗaya. Iskar dutse tana karya shi, kuma tururin numfashinka zai taru ya riƙa ɗiga a kanka. Hattara kuma da wuƙa. A dokar Birtaniya, wadda ake iya yawo da ita ba tare da bayani ba ita ce 'yar ƙaramar mai naɗewa, marar makulli, wadda kaifinta bai wuce inci uku ba. Ita ma ta ishe ka, kuma ta zauna can cikin jaka lokacin da kake tasha ko jirgi.

5. Guzuri

A nan muna da sa'a, don abincinmu na tafiya ya dace da wannan aiki sarai. Garin rogo da sukari da madarar gari da gyaɗa ba ya nauyi, ba ya buƙatar wuta. Dabino, ƙuli-ƙuli da dambun naman da ka yi a gida suna riƙe ciki. Na dare ya zama mai zafi kuma mai saurin dahuwa: Indomie da kifin tuna na leda, ko kuskus, wanda tafasasshen ruwa kawai yake so da minti biyar a rufe. Na safe Quaker Oats da shayi. Ƙara abincin rabin yini a kan lissafinka, ko jirgi zai wuce ka.

Hattara: abincin leda na masu hawan dutse da alewar da ake ɗauka don ƙarin ƙarfi sau da yawa akwai naman alade ko jelatin a ciki, karanta bayan leda. Kada kuma ka sa a kawo maka kilishi daga gida don wannan tafiya, an hana shigo da nama Birtaniya daga ƙasashenmu.

Ruwa lita ɗaya da rabi ya isa a jaka, sauran a ɗebo a rafi mai gudu, sama da inda mutane ke kwana. A tafasa shi minti ɗaya ko a sa ƙwayar tace ruwa. Tumaki da barewa suna mutuwa a bakin rafi, kyan ruwa a ido ba hujja ba ne.

6. Gwaji da shirya jaka

Kafa tantin a lambu ko filin unguwa har sai hannunka ya saba, ka ƙirga turakun. Kunna rishon ka tafasa ruwa. Wanda zai fara karanta takardar bayanin tanti a cikin ruwan sama da iska ya makara.

Sa babbar leda mai kauri a cikin jakar kafin komai, don babu jakar goyon da ruwa ba ya ratsawa. Jakar barci da kayan barci a ƙasa, masu nauyi a tsakiya manne da bayanka, rigar ruwa da abincin hanya da jakar magani a sama. Auna ta. Kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka, ga yawancin mutane kilo 11 zuwa 14 ke nan. Ɗaure ɗamarar ƙugu da farko, nauyin ya sauka a ƙugu ba a kafaɗa ba.

7. Hasashen yanayi da barin saƙo

Hasashen da wayarka ke nunawa na gari ne. Na dutse yana shafin MWIS, mai hasashen yanayin duwatsu, da sashen duwatsu na Met Office, hukumar yanayi ta Birtaniya. Duba kwana biyu kafin tafiya, ka sake dubawa da safiyar ranar. Kowane hawan mita 1,000 yana rage kusan digiri shida da rabi, ban da abin da iska ke ƙarawa. In an ce iska za ta kai mil 30 a sa'a, ko ruwa zai yini yana zuba, ɗage tafiyar. Asarar tikiti ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Rubuta wa wani amintacce inda za ka sauka, inda za ka kwana, jirgin da za ka dawo da shi, da lokacin da zai kira 999, lambar agajin gaggawa, in bai ji daga gare ka ba. Tun kana gida aika kalmar register ta tes zuwa 999, ka bi amsar da za a turo. Wannan yana ba ka damar neman agaji ta tes inda sabis bai isa kira ba. In buƙata ta taso, ka ce a haɗa ka da 'yan sanda, sannan ka nemi masu ceto na dutse. 'Yan sa kai ne kuma ba a biyan ko kwabo. Na faɗi wannan ne don na san baƙo yakan ji tsoron kira saboda kuɗi ko takardun zama, har lokaci ya ƙure.

Daga Agusta zuwa Oktoba ana farautar barewa a gandaye da yawa. Duba shafin Heading for the Scottish Hills, mai nuna inda ake farautar, kuma ka bi sanarwar da aka kafa a bakin hanya.

8. A kan hanya

Lissafin lokaci da masu hawan dutse ke amfani da shi tun 1892 shi ne na Naismith: sa'a ɗaya ga kowane kilomita biyar, a ƙara sa'a ɗaya ga kowane hawan mita 600. Wannan na mai ƙarfi ne marar kaya. Kai da ke goye da kilo 13, ƙara rabin abin da ya fito. Tsara tafiyar yadda za ka isa masauki sa'a biyu kafin faɗuwar rana.

Fara tafiya kana ɗan jin sanyi. In ka fara da rigar ɗumi za ka jiƙa ta da gumi. Da ka tsaya hutu sai ka sa ta, da za ka tashi ka cire. Riƙa cin ɗan abu kowace sa'a. Taswirar takarda ta Ordnance Survey, hukumar taswira ta Birtaniya, ta zauna a hannu cikin leda, waya kuma a kashe mata neman sabis don batir.

Hattara: wurin da ka ga kore shar, lallausa, a fili, sau da yawa laka ce mai zurfi, kewaye shi. Rafin da ya cika bayan ruwan sama ba a ƙetare shi. In ruwan ya kai gwiwa kuma yana gudu, juya.

9. Kafa tanti

Nemi wuri busasshe mai ɗan tudu, shimfiɗaɗɗe, wanda wani dutse ko tudu ya kare daga iska. Kada ka kafa a rami, can ruwa da sanyi da ƙwari ke taruwa. Kada ka manne da bakin rafi, yana iya tasowa cikin dare. A Loch Ossian ka yi nesa da masaukin matafiya da ke yammacin tafkin da gidajen da ke gabashinsa.

Juya ƙaramin ɓangaren tantin ya fuskanci iska, ƙofa ta ba ta baya. Kafa turakun gefen iska tukuna kafin ka ɗaga sanduna, in ba haka ba tantin zai tashi ya bar ka. Soka turaku a karkace, ka ɗaure dukkan igiyoyi ko da iska ta kwanta, don tana iya juyawa da tsakar dare. Bar kafofin iska a buɗe. Daga nan shimfiɗa katifa, warware jakar barci ta kumbura, sauya kaya, sannan girki.

10. Girki, salla da bayan gida

Kada ka taɓa kunna risho a cikin rufaffen tanti, komai ruwa komai sanyi. Hayaƙinsa ba shi da wari ba shi da launi, yana kashe mutum cikin barci, ga kuma gobara. Wutar itace ma a bar ta. Ƙasar duwatsun nan irin mai cin wuta ta ƙarƙashi ce, tana iya ci gaba da ci kwanaki bayan ka tafi.

Alƙibla daga wannan yanki tana kudu maso gabas, wajen digiri 118 a kamfas. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan goma na dare kuma duhu ba ya gama rufewa, don haka ɗauki hoton jadawalin masallacin garinku ka bi shi, kuma ka tambayi malaminku batun ƙasaru da haɗa salloli tun kafin ka fita. Ɗumama ruwan alwala kaɗan a risho, ka goge ƙafa ta bushe sarai kafin safa. Katifarka ta isa abin salla.

Bayan gida a yi shi aƙalla mita 30 daga kowane ruwa. Tona rami mai zurfin taƙi ɗaya da 'yar ƙaramar shebur, ka rufe bayan ka gama. Ɗebo ruwan tsarki a gorar da ka ware masa ka tafi da shi can, kada a yi tsarki a rafi, wani zai sha a ƙasa. Takarda da auduga ta mata a ƙulle su a leda a dawo da su gari.

11. Dare

Ci abinci mai zafi kafin ka kwanta, ka shiga jakar barci jikinka da ɗumi, don jakar ba ta ƙirƙirar zafi, naka take riƙewa. Sa hula. Waya da batir su kwana cikin jakar tare da kai, tocilan kusa da kai. Kada ka cusa fuska ciki kana numfashi, jiƙa ta za ka yi.

Ku riƙa lura da juna. Wanda sanyi ya fara yi wa illa yakan yi ta karkarwa, ya riƙa tuntuɓe, maganarsa ta sarƙe, hannunsa ya kasa ɗaure igiya, kuma sau da yawa zai ce lafiyarsa ƙalau. Kada ka yarda da maganarsa. Cire masa jiƙaƙƙun kaya, sa shi a jakar barci bisa katifa, ba shi shayi mai sukari in yana iya haɗiya. In karkarwar ta tsaya alhali ya ruɗe, abin ya yi tsanani, kira agaji nan take. Alamar neman taimako ita ce busa usur sau shida, a dakata minti ɗaya, a maimaita.

12. Safiya da komawa gida

Kwashe komai, har ɓawon ayaba da ganyen shayi, ka zagaya wurin sau ɗaya ka ƙirga turaku. Isa tasha da wuri.

A gida akwai aiki biyu da ba a ɗagawa zuwa gobe. Na farko, shanya tanti da jakar barci su bushe ƙarau kafin a naɗe, in ba haka ba cikin 'yan kwanaki za su yi fumfuna. Na biyu, duba jikinka kaf saboda kaska: bayan gwiwa, matsematsi, hammata, ƙugu, bayan kunne. Wasu ba su kai ƙwayar riɗi ba. In ka gani, zura ƙugiyar ƙarƙashinta daf da fata ka cire a hankali. Kada ka ƙona ta, kada ka shafa mata mai, kada ka matse cikinta. Wasunsu suna ɗauke da cutar Lyme, wadda alamarta ta farko tabo ne mai zagaye da ke faɗaɗa, yawanci cikin mako ɗaya zuwa huɗu. A farar fata ja yake fitowa, a tamu kuwa yana iya zama kamar ɗan duhun buguwa, mai sauƙin kuɓuce wa ido. In ka ga haka, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi suka biyo bayan tafiyar, je wurin likitanka ka faɗa masa ranar da wurin da kaskar ta cije ka.